Kunun Kanwar Inna

Alhamis, 21 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Kwana goma sha shida da haihuwa. Na tsinci wannan kaye, littafin rubutu na ɗalibai, a ƙasan akwatina, shafi ɗaya kawai aka rubuta, na yage shi. Zan riƙa rubuta abin da jikina ya yi kowace rana, don in ban rubuta ba sai in ruɗi kaina.

Shekarata arba'in da ɗaya. Haihuwar fari ce, bayan waɗanda ba su tsaya ba. Mace ce, an sa mata Ramatu, amma Baƙuwa nake ce mata, ko a takarda kunyar sunan nake ji. Ina gidan Inna a Jiratawa, wankan gida, kamar 'yar shekara sha bakwai. Maigidana Malam Jibo bai so ba. Ya ce in zauna gidanmu na Sabon Gari a Maradi, kusa da likita. Na ce masa Inna ta shekara ashirin tana jiran ranar da za ta dafa mini ruwan nan, ba zan hana ta ba.

Shekara goma sha takwas ina koya wa 'yan mata motsa jiki a lakwal, makarantar boko. Yau sai da na dafa bango na tashi daga tabarma. Na kama wuyan hannuna na duba agogo: bugu 88 a minti, ina zaune. Da 62 nake.

Shirina: daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu taku ashirin da uku ne. Zuwa da dawowa sau biyar, safe da yamma. Bayan kowane kwana biyu in ƙara ɗaya. Ranar arba'in in fita in bi kanal, hanyar ruwan noman rani, har ƙarshen gonakin albasa. Watan Oktoba in koma fili da usur ɗina.

Jumma'a, 22 ga Afrilu, ƙarfe 10 na safe

Wanka. Rabin duro a kan murhu tun asuba, da ganyen bedi, wato dalbejiya, da na runhu. Iya Tasalla, ungozomar unguwa, ita ke tsoma damin ganye tana fyaɗa mini, Inna na tsaye tana duba ko ruwan ya huce. Bai taɓa hucewa ba.

“Madam mai koya wa ɗiyan mutane tsalle,” in ji Iya Tasalla, “yau ga tsallen da ba a ba da maki.”

Na ce, “Iya, ki sassauta, fata ce, ba ƙirgi ba.”

“Ƙirgin ma sai an jiƙa shi. Juyo bayan.”

Daga nan kunun kanwa, kwano guda, kanwar har tana cizon harshe. Da yamma a sake duka biyun. A cikin wannan bazara da kaji ma baki buɗe suke yawo.

Inna ta ce jikin mai jego ɗanye ne, sai an gasa shi kwana arba'in, in ba haka ba sanyi ya shige shi. In za ta faɗi haka ba ta kallona. Na san dalili.

Na yi sau biyar. Bugu bayan tafiya, 112.

Asabar, 23 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Sau biyar, sau biyar. Inna ta tambaye ni mi na yar a tsakar gida nake ta nema.

Lahadi, 24 ga Afrilu, ƙarfe 6 na yamma

Malam ya zo a kan babur, bai cika awa guda ba. Idonsa ja. Taron sandikarsu, ƙungiyar malamai, ba ya ƙarewa, lakwal yau a buɗe gobe a rufe. A zaure ya tsaya kamar kullum, daga can ya gai da Inna, ita ma daga bayan zana ta amsa. Na kai masa Baƙuwa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalli ƙafata.

“Takalmin ne ya matse ki?”

Na ce zafi ne.

Ya rage murya. “Fadila, kanwar nan da kike sha…”

Na ce, “A gidan surukarka kake. In ka isa shiga ka gaya mata.”

Ya yi dariya, ya ce ya gwammace ya tsaya gaban 'yan sandan zandarma goma. Ya ce da an wuce bikin ranar ma'aikata zai zo ya kai ni awo, ko Inna ta so ko ba ta so ba. Na ji daɗin haka fiye da yadda na nuna. In shi ya ɗauke ni, laifin nasa ne.

Talata, 26 ga Afrilu, ƙarfe 8 na safe

Yau ya kamata in yi sau bakwai. A na biyar na tsaya na riƙe jikin rumbu. Laifina ne. Wata ukun ƙarshe na cikin a kwance na yi su don tsoro, ga sakamakon: ƙiba da lalaci. Ni ce nake ce wa 'yan mata numfashi ba ya dawowa da zama. Na ƙarasa biyun da ƙyar.

Bugu a zaune, 94.

Laraba, 27 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Zobena ya nutse a yatsa. Iya Tasalla ta cire shi da sabulu da zare, tana cewa mai jegon da ba ta yi ƙiba ba ai an ci amanarta. Inna ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta tattaɓa idon sawuna, ta tashi.

“Sanyi ne. Ya hara shiga.”

Na ce, “Inna, wane sanyi a Afrilu?”

“Ba na sama ba, na ciki. Ke da kika yi boko ba ki san komi ba.”

Ta ƙara kanwa a kunu. Ta ce daga gobe sau uku a yini. Ta sa garwashi a kasko ƙarƙashin gadona. Na kwanta a kai don ta ga na kwanta.

Alhamis, 28 ga Afrilu, ƙarfe 6 da rabi na safe

Matashin kai uku. In na miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. A jingine na kwana.

Jumma'a, 29 ga Afrilu, ƙarfe 3 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ragi.

Na yi tunanin tafiyar ce ta yi kaɗan, jiki yana son abin da zai tashe shi. Inna ta tafi gaisuwar rasuwa da hantsi. Baƙuwa na barci. Na kwance igiyar shanya na zaga bayan rumbu. Da ina yin tsallen igiya ɗari biyu ban tsaya ba, ina yi ina ƙirga wa yara da ƙarfi.

Na yi goma sha huɗu.

Sai gari ya yi duhu. Na sami kaina a zaune a ƙasa, tari ya sarƙe ni. A lokacin Baƙuwa ta farka ta fara kuka. Ina jinta sarai. Taku ashirin da uku ne tsakaninmu, ni na auna su da ƙafata, na kasa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ban san minti nawa ba, ban duba agogo ba. Da rarrafe na isa ɗakin.

Na mayar da igiyar kafin Inna ta dawo. Ta ce mi ya sami gwiwar zanena. Na ce tuntuɓe.

Wataƙila da sauri na fara. Wataƙila da goma ya kamata in fara.

Asabar, 30 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Wajen wanka bakin Iya Tasalla ya suɓuce. Ta ce, “Ɗaga hannu, Tahira.”  Inna ta juya ta tafi duba wutar da ba ta bukatar dubawa.

Yaya Tahira. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Haihuwarta ta huɗu, gidan nan, ɗakin nan. Ta kai kwana talatin da ɗaya. Inna ta ce itace ya yi wuya shekarar, ruwan bai yi zafi yadda ya kamata ba, sanyi ya sami hanya. Tun daga nan ko kara ba ta yarda a yar a gidan nan. Tun ina da cikin wata huɗu ta fara tara mini itace, ya kai tsayin katanga.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Bugu, 98. Sau huɗu kawai na yi.

Lahadi, 1 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Ranar ma'aikata. Rediyo cike da jawabi, kowace jam'iyya na cewa laifin ɗayar ne. Malam bai ce yau zai zo ba, don haka ban jira ba. Na dai sa an share zaure.

Litinin, 2 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Bai zo ba.

Talata, 3 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Ilyasu maƙwabcin Inna, mai kai albasa kasuwar Maradi, na roƙe shi jiya ya biya ta gidanmu. Ya zo ya tsuguna bakin zaure yana murza hularsa. Ƙofarmu da kwaɗo. Babur ba ya nan. Abin da maƙwabta suka gaya masa ba zan sa shi duka a takarda ba, kowa ma nasa daban. Ɗaya ya ce motar hukuma ce ta zo, ɗaya ya ce shi ya riga motar fita.

Inna ta ce, “Mai ɗiya sabuwa ina ruwansa da gwamnati.” Sannan ta ƙara mini nama a kan tuwo, wai damuwa na tsinka nono.

Sau uku. Ina jin kunyar rubuta lambar.

Laraba, 4 ga Mayu, ƙarfe 7 na safe

Tari. Bugu 106, ban ma tashi ba. Zanen da na ɗaura ranar suna ya ƙi haɗuwa a ciki. Ban ci abin da zai sa haka ba. Ko na ci?

Bai zo ba.

Alhamis, 5 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Kwana talatin.

Alisabatu ta zo daga Tsibiri. Aji ɗaya muka yi a kolej, ƙwallon hannu ma ƙungiya ɗaya, ita a raga ni a gaba. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta shigo da sabulai da kayan jariri tana ihu tun daga zaure.

“Ina tsohuwar da ta haifi jikarta? Yajin aiki ya yi rana, ya ba ni damar zuwa barka.”

Na ce, “Sabatu, wata guda? Da ɗan majami'arku ne da kin zo ranar.”

“Da ɗan majami'armu ne da uwarsa ba ta kai arba'in ba. Kawo ta in gani ko ta tsira daga hancin Jibo.”

Na tashi in ɗauko Baƙuwa daga gado, taku uku. Da na juyo ta daina dariya. Ta ce in zauna. Ta dangwala babban yatsanta a ƙwaurina ta ɗaga, ramin ya tsaya kamar a cikin ƙullu. Ta ciro abin sauraren ƙirji daga jakarta, ta daɗe tana saurare ta baya. Ta ga kayen nan a kan matashi, ta ɗauka ba ta tambaye ni ba, ta karanta tun daga farko.

“Tsallen igiya? Fadi, kina da hankali kuwa?”

Na ce na ɗauka rashin motsi ne.

“Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarki ce ta gaji. Kanwa na tara mata ruwa, zafi na ƙara mata aiki, ke kuma kin bi ta da bulala. Kin rubuta komai daidai, lamba bayan lamba, kin kasa karantawa.”

Na ce, “Saura kwana goma a gama.”

“Ba ki da goma.”

Na tambaye ta wani abu game da Yaya. Sai kawai ta naɗe abin awonta ta sa a jaka. Ta ce bari ta yi wa Inna bayani. Na riƙe hannunta. Na ce ta ce awo ne kawai, kada ta ambaci kanwa, kada ta ambaci wanka. Ta ce don me. Na ce in kanwar ce ta yi mini haka, to Inna za ta yi lissafin baya, kuma Inna ta iya lissafi.

Ta fita ta durƙusa ta ce, “Inna, gobe zan kai ta awo Maradi.”

“Mai jego ba ta hita, ɗiyata.”

“Awo ne kawai, Inna.”

“Nan ma auna ta nike.”

Ƙarfe 7 na yamma

Inna ta kawo kunu ta tsaya a kaina. Na shanye. Duka. Bayan abin da aka gaya mini da rana. Wace irin mace ce ni?

Jumma'a, 6 ga Mayu, ƙarfe 6 na safe

Kwana talatin da ɗaya. Ina jin ruwa yana tafasa a duro.

Asabar, 7 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe, asibiti

Jiya Sabatu ta iso kafin a sauke ruwan, ta riga ta shirya da Ilyasu, motarsa cike da albasa don ranar kasuwa ce. Na ce wa Inna zan tafi. Ban kalle ta ba. Ta ce in iska ta buge ni a hanya ba ruwanta, ta shige ɗaki. Muna shirin tashi sai ga ta da mayafi, Baƙuwa a goye, filas a hannu ɗaya, ƙullin tukunya da gari a ɗayan. Ta hau gaba kusa da ni, ta rufe gilashi ruf.

A bakin gari an tare hanya, hayaƙin taya, yara 'yan lakwal da duwatsu, sojoji daga nesa. Ilyasu ya bi ta lunguna. Mun wuce kusa da Sabon Gari. Ban ce a tsaya ba.

Saboda yajin aiki likita ɗaya ne ke duba ɗakuna uku. Sabatu ta sa farar rigarta ta shiga aiki, ta ce yau ita ba ta cikin yaji, sandika ta yi haƙuri. An yi mini allura, an ba ni ƙwayoyi iri biyu. Tun jiya fitsari nake kamar famfo.

Likitan da Faransanci ya yi magana. Babu gishiri, babu kanwa ko ƙwaya ɗaya, babu ruwan zafi, babu garwashi, babu motsa jiki. Kwanciya. Na ce har yaushe. Ya ce wata shida, sannan a gani. Ya ce na zo a kan lokaci, amma da ƙyar. Ya faɗi wani abu kuma game da haihuwa nan gaba. Ba yau ba.

Oktoba ta tafi.

Da ya fita Inna ta ce, “Mi ya ce?”

Na ce, “Ya ce in huta.”

Ban taɓa jin daɗin Inna ba ta jin Faransanci ba sai yau, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Lahadi, 8 ga Mayu, ƙarfe 2 na rana

Inna ta kafa duwatsu uku a gindin bedi cikin harabar asibiti, tare da sauran masu jinya. Wanka ba hali, amma kunu ba fashi. Tana cika filas ta ajiye mini. In ta tafi alwala sai in juye shi a bokitin ƙarƙashin gado. Sau uku jiya, sau biyu yau. Matar gadon kusa tana kallona. Ƙafarta ta fi tawa kumburi, jaririnta wata biyu.

Tuwon kuma ina ci ban da miya. Na ce wa Inna ƙwayar ce ta ɓata mini baki.

Bugu, 100.

Litinin, 9 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Idon sawuna ya fito. Na daɗe ina kallonsa kamar wanda ya dawo daga tafiya. Matashi biyu kawai.

Inna ma ta gani. Ta shafa ƙafar da hannu biyu, fuskarta ta buɗe, rabon da in ga haka tun ranar suna.

“Kin gani? Kanwa ta hara aiki. Da na ƙara ta tun da wuri da ba mu zo nan ba.”

Ta fita tana gaya wa matan gindin bedi. Na ji tana kwatanta wa uwar matar gadon kusa yawan da za ta riƙa sawa.

Na gaya wa Sabatu. Ta je da kanta ta yi wa uwar matar magana. Ta dawo ta zauna bakin gadona.

“Wannan na gyara. Taki fa? Nan akwai bokiti. A Jiratawa wa zai hana duro?”

Na ce ina neman yadda zan faɗa.

“Kin fi kowa iya tsara abu a takarda. Tsara wannan.”

Talata, 10 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Wani da ban sani ba ya ba Sabatu 'yar takarda a ƙofar asibiti. Hannun Malam ne. Ina lafiya. Kada ki neme ni, kada ki je gida. Na ji komai. Ki bi maganar likita. Ki shafa mini kanta.

Na karanta sau shida. Babu rana, babu wuri. Ba zai zo ya ɗauke mini wannan ba.

Laraba, 11 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Gobe za a sallame ni, ana bukatar gadon. Na tambayi likita ko akwai abin da aka yarda in motsa. Ya ce in juya idon sawu a kwance, sau goma kowace ƙafa, in ja numfashi a hankali. Na rubuta. Shi ke nan darasina yanzu.

Inna ta je kasuwa ta dawo da ƙullin kanwa ungurnu, wai ta fi ƙarfi. Ta ce kwana shida na wanka sun kuɓuce, za a rama su bayan arba'in, ta riga ta aika wa Iya Tasalla.

Na tsara maganar iri uku. Duk ukun wuri ɗaya suke ƙarewa.

Alhamis, 12 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma, Jiratawa

Tun daga zaure na ji ƙamshin ganyen. Duro na tafasa, Iya Tasalla ta ɗaure zane a ƙirji.

“Maraba da 'yan birni. Tuɓe, Madam, bashin kwana shida.”

Na tsaya inda nake. Babu ko ɗaya cikin ukun da na tsara da ya zo bakina. Na ce, “Inna, ba zan yi wankan ba. Kunun ma ba zan sha ba. Tun ranar da muka je asibiti ban sha ba, zubarwa nake. Likita ya ce kanwa ce ke tara mini ruwa, zafin kuma yana gajiyar da zuciyata. Ba hutu kaɗai ya ce ba. Ƙarya na yi miki.”

Iya Tasalla ta tafa hannu. “Ikon Allah! Shi likitan daga sama ya haɗo? Uwarsa ba ta yi wanka ba? Mata nawa na gasa da hannun nan, sun hi ɗari, ga su nan suna daka.”

Na ce, “Nawa ne suka kumbura, Iya?”

Bai kamata in faɗa ba. Ko ya kamata. Ban sani ba.

Iya Tasalla ta kalli Inna. Inna ta kwance Baƙuwa daga bayanta ta miƙo mini. Ta je murhu ta sunkuya ta riƙa janye itacen ɗaya bayan ɗaya tana turmuza su a ƙasa. Ta ce, “Tasalla, je ki gida. Na gode.” Ta shiga ɗakinta.

Na kwanta. Na juya ƙafa goma, goma. Bugu 108, amma na san na yau ba na ruwa ba ne.

Jumma'a, 13 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta yi mini magana ba. Ta ajiye fura da nono a bakin ƙofa, ta ɗauki Baƙuwa ta yi mata wanka ta dawo da ita. Ruwan duro yana nan, ya huce, ganye na yawo a kai. Ba ta ci komai ba yau, na lura.

Goma, goma. 96.

Asabar, 14 ga Mayu, ƙarfe 3 na yamma

Da hantsi ta zo ta zauna bakin ƙofata da faifai, tana tsinke zogale. Bayanta take ba ni. Ta tsinke reshe ya fi goma kafin ta yi magana.

“Fadila.”

“Na'am, Inna.”

“Yayarki ma haka ƙahahunta suka yi. A zaune take kwana.” Hannunta bai tsaya ba. “Na ƙara mata kanwa. Na ƙara wuta. Itace bai yi wuya ba shekarar, ni na ce haka. Har gadon kakarku na hasa na ƙona.”

Ta ɗauki wani reshe.

“Ke da kike jin yarensu. Da likitanku ya gan ta, mi zai ce?”

Ina iya cewa kwananta ne ya ƙare, kuma gaskiya ce, kuma da ta karɓa. Amma na yi mata ƙarya mako guda, na ga inda ƙaryar ta kusa kai matar gadon kusa.

Na ce, “Abin da ya ce mini zai ce, Inna.” Na ga kafaɗunta sun sauka. Na ce, “Amma ba ke kaɗai ba ce. Hutu muke lokacin, ina gidan nan. Ke kike damawa, ni nake kai mata kwanon. In ta ce ta ƙoshi ni nake cewa ta daure ta shanye. Da takardata da komai. Ba mu sani ba, mu biyu.”

 Baƙuwa ta motsa, na jijjiga ta. Wata akuya ta shigo ta ja reshen zogale, Inna ba ta kore ta ba.

Can ta share fuska da bakin zane, ta ce, ba ta juyo ba, “Wannan ganyen, ko gishiri kaɗan ba a sawa?”

“Ko kaɗan.”

“Ƙuli-ƙuli hwa?”

“In babu gishiri a ciki.”

“Duk na kasuwa da shi. Sai in soya gyaɗa in daka da kaina. Mi kuma?”

“Albasa. Lemun tsami.”

Ta tashi da faifan. Na ji tana daka. Da azahar ta shigo ɗakin da kwano ɗaya, ta zauna a ƙasa kusa da gado, abin da ba ta taɓa yi ba, muka sa hannu tare. Ba daɗi ko kaɗan. Ta yamutsa fuska a lomar farko, ta haɗiye, ta ci rabonta har ƙarshe, ta turo mini sauran.